Baƙin Zoben Dilshad

Mata masu tatsar tumaki ne suka fara ganinsa. Sun gangara bakin Babban Tafki da hantsi za su ɗauraye bokitai, sai suka tarar da mutum kwance rub da ciki, ƙafafunsa cikin ruwa, bayansa a yage tun daga kafaɗa har ƙugu. Ihunsu ne ya fito da mu daga tantuna.

Ni ne muhtar a lokacin, wato mai garin ƙauyenmu. Ko da zafi ya shigo muka hau da dabbobi cikin kwarin da ke saman Dutsen Nemrut, tsohon dutse mai aman wuta, rigimar kowa a wuyana take. Da na juya gawar, da rigarsa na gane shi, don fuskar ta kumbura ta yi jajir, fata na saɓulewa a kumatu. Dilshad ne, autan Inna Gulizar.

Duwatsunmu na da beyar, ƙatuwar dabbar dawa mai gashi da manyan farata, shi ya sa wani ya ce, "Beyar ce. Ga farcenta nan."

Kafin wani ya tanka, sai ga Bahoz, wan mamacin, ya keto taro. Ƙato ne, mai ƙaton murya, wuƙar babansu mai kuben azurfa soke a ɗamararsa kamar kullum. Ya durƙusa ya dubi ƙanen nasa, ya miƙe yana huci.

"Beyar mai ƙafa biyu dai," in ji shi. "Shekaranjiya da kunnuwanku kuka ji Rezan ya ce sai ya fasa masa kai. Ko kun kurumce?"

Babu wanda ya kurumce. Tumakin Dilshad sun ture amyoyi biyu na Rezan mai kiwon zuma, shi da Dilshad suka ba hammata iska, har sai da aka raba su.

Na ce, "Bahoz, dakata."

Bai ko waiwayo ba.

*

Kafin in hau gangaren da Rezan ya jera amyoyinsa, hayaƙi ya riga ya tashi. Bahoz da 'ya'yan baffanninsa sun cinna wa amyoyin wuta, zuma na dalala cikin toka, ƙudan na faɗowa a ƙone. Shi kuwa Rezan sun ɗaure masa hannu ta baya sun kwantar da shi. Bahoz na dukansa da gindin bindiga a haƙarƙari, yana tambayarsa, amma ba ya barinsa ya amsa. Na ji ƙarar ƙashi da kunnena.

Na faɗa kan Rezan na rufe shi da jikina. Dukan ƙarshe ni ya samu a kafaɗa.

"Tashi, Muhtar, kada in haɗa da kai!"

"Haɗa da ni. Amma ɗaga ido ka dubi tudu tukuna."

Dangin Rezan sun jeru a kan tudu, Ferhat ƙanensa a gaba, kowa da bindigar farauta a kafaɗa. Da an ƙara duka ɗaya, da ranar ba gawa ɗaya za mu wanke ba.

Da ƙyar na sa ɓangarorin biyu suka dafa Alƙur'ani cewa ba mai taɓa wani har faɗuwar ranar gobe. Na tura mutum garin Tatwan ya kira jandarma, wato 'yan sandan karkara, ko da yake na san ruwa ya cinye hanyar mota, ba za su iso da wuri ba. Sannan na aika a kira min Jangir.

*

Jangir maharbi ne, sa'ana, tare muka yi kiwo muna yara. Beyar ta taɓa cire masa kunnen hagu da rabin kumatu, shi ya sa dariyarsa gefe ɗaya take tafiya. In akuya ta ɓata, ko ɓarawo ya shiga garke, shi ake nema.

Da ya iso bakin tafki bayan azahar ya ga yadda aka tattake wurin, sai ya tofar da yawu.

"Muhtar, biki kuka yi a nan? Ko jakuna sun fi ku sanin inda za su sa ƙafa."

"Kai dai duba, bakinka kamar kunnenka, ba gyara."

Ya bar inda taro ya tsaya, ya yi ta kewayawa daga nesa, a sunkuye. Can ya yafito ni.

"Ga beyar ɗinku. Mace ce, da ɗanta. Ta zo shan ruwa da asuba, ta tarar da nama a ajiye, ta ɗanɗana ta wuce. Dubi yashin da ya kwanta a kai. Ina jinin?"

Babu jini, sai ɗan digo.

"Mai rai in an yage shi haka, yashin nan sai ya sha ya ƙoshi. Gawa ta yaga." Ya matsa gaba ya nuna wani sawun da sanda. "Alfadari kuma ya zo nan. Da ya zo kofatonsa ya nutse, da zai koma ya yi sauƙi. Kaya mai nauyi ya sauke a nan. Takalmin ƙafar baya a tsage yake."

"Na Shamo ne," na ce. Kowa ya san alfadarin Shamo mai kai cuku kasuwa.

Muka bi sawun har inda ƙasa ta ƙare, baƙin dutse mai santsi kamar gilashi ya fara. Nan ya ɓace.

*

An shimfiɗe Dilshad a tantin uwarsa, an kewaye shi da ƙanƙarar da aka fasa daga kogo, don doka ba ta yarda mu binne shi ba sai hukuma ta gani. Inna Gulizar na zaune a kansa. Ba ta kuka. Tunda aka kawo shi, in ji matan, ko ruwa ba ta kurɓa ba.

Jangir ya durƙusa ya sumbaci hannunta ya kai goshi.

"Inna, ki yafe min, zan taɓa shi."

Ta gyaɗa kai.

Ya shafa ƙeyar mamacin, ya tarar da ƙulu. Ya sunkuya ya shinshina gashinsa, ya daɗe. Ya murza rigar da aka cire aka shanya, ta bushe ta yi tauri kamar an sa mata sitaci, wani farin gari na zuba daga ɗinkin. Sannan ya ɗaga hannun dama. Zoben da ke yatsan baƙi ne ƙirin.

"Inna, wannan zoben ƙarfe ne?"

"Azurfa ce. Na babansa ne." Ta dubi zoben, ta daɗe tana dubansa. "Jiya da ya karɓi shayi a hannuna fari ne."

Jangir ya jira ko za ta ƙara wani abu. Ta ja mayafi ta rufe bakinta.

*

Rezan na kwance a tantina, matata Perihan ta naɗe masa ƙirji da ƙyalle. Kowane numfashi sai ya cije baki.

"Sawun takalminka na bakin tafki," in ji Jangir.

"To a ina zan ɗebi ruwa? A aljihunka?"

"Ka ce za ka fasa masa kai."

"Na faɗa. Na faɗa wa Shamo ma, na faɗa wa surukina, kai ma na taɓa faɗa maka. Duba kanka, a fashe yake?" Ya yi tari ya tofar da jini. "Yaron nan da yamma ya dawo ya ba ni haƙuri, har ya taya ni ɗaga amyoyin. Ka tambayi ƙudan, in akwai wanda suka bari da rai."

Shamo kuwa mun same shi washegari da safe yana wanke alfadarinsa. Da ya ga Jangir sai bokitin ya suɓuce.

"Wallahi tallahi ban fita ba! A sake yake kwana, kowa na iya kama shi. Jiya da safe na same shi jiƙe da gumi, na ɗauka kerkeci ne ya kore shi."

"Shi ya sa kake wanke shi yau?"

"Tsoro nake ji, Jangir. Ka ga abin da suka yi wa Rezan."

Jangir ya ɗaga ƙafar alfadarin ya ƙwaƙule cikin kofato da tsinke. Wani laka ya fito, rawaya-rawaya. Ya kai hanci.

"Wa ya saba aronsa?"

"Kowa. Marigayin ma kwanan baya ya are shi da sassafe, ya gangara hanyar Tatwan da wata mace a kai, ta rufe fuska ruf. Ya dawo shi kaɗai. Ni ban tambaya ba, ba ruwana."

Da muka bar wurin na ce, "Mace ce ke nan. Wani mijin ko wani uban ne ya rama."

"Wataƙila. Wace mace ce ba a gani ba kwana biyu?"

Na yi tunani. Perihan ta taɓa ce min Hazal, matar Bahoz, ta daina zuwa tatsa. Bahoz ya ce ta je jinyar wata gwaggonta. Na faɗa wa Jangir. Sai ya dubi hannuna.

"Zoben aurenka azurfa ce?"

"Me ya haɗa ka da shi?"

"Taho da shi."

*

Tafkuna biyu muke sha'ani da su a kwarin. Babban, wanda muke sha, da Ƙaramin, mai ɗumi, inda mata ke wanke ulu. Jangir ya fara kai ni bakin Babban. Ya ɗaura zobena a zare ya jefa, muka zauna har ya gama shan taba. Ya jawo shi. Fari tas.

"Wannan tafkin daga sama yake sha," ya ce. "Dusar ƙanƙara da ruwan sama. Ko shekara mutum ya yi a ciki, zobensa ba zai sauya ba. Ba nan Dilshad ya mutu ba."

Muka haura tudu muka gangara Ƙaramin Tafki, ta gefen da mata ke wanki. Ya sake jefa zoben. Ya fito fari.

Na ce, "To, ka gani. Nan ma ba haka ba ne."

"Sa hannunka ƙarƙashin ciyawar nan."

Na sa. Sanyi ya ratsa ni har gwiwar hannu.

"Ruwan ƙasa ke nan, narkakkiyar ƙanƙara ce ke bi ta cikin dutse tana tsattsafowa ta wannan gefen. Ita ke sirka tafkin, shi ya sa matanku ke wanki da awarwaronsu ba abin da ke samunsa. Amma tafkin baki biyu gare shi. Ɗayan daga wutar da ke ƙarƙashinmu yake sha."

Muka zagaya can ƙarshen, inda ba mai zuwa sai mai ciwon gaɓɓai, shi ma nesa-nesa yake tsayawa. Tun kafin mu isa warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tare mu. Ruwa na ɓulɓulowa daga ƙasa yana tururi, duwatsun bakin sun yi ɓawo fari da rawaya. A ƙarshen zafi irin wannan, da ƙanƙarar tudu ta ƙare, ruwan sanyi ya ja baya, maɓuɓɓugar sai ta ƙara ƙarfi, ko yatsa ba ka iya daɗewa da shi a bakinta.

Jangir ya jefa zoben. Bai kai rabin taba ba ya jawo shi. Ya fara da ruwan tagulla, muna kallo ya rine ya koma baƙi.

"Perihan za ta kashe ni," na ce.

"Farar wuta ce a ruwan. Ita na shinshina a gashinsa, ita ce a kofaton alfadari." Ya nuna bakin ruwa. An share ƙasar da reshe, babu sawu ko ɗaya. Amma ɓawon dutsen ya farfashe, kuma cikin ruwan, a lakar da reshe bai kai ba, ga ramuka biyu na gwiwoyi. A gabansu laka a kakkarce take, layi-layi, inda yatsu suka yi ta tona.

Jangir ya ce, "An buge shi a ƙeya, aka jawo shi nan. Aka danna kansa cikin ruwan, aka ɗago, aka sake dannawa. Dubi yadda gwiwar ta zame ta sake kafuwa, ba sau ɗaya ba. Wanda ke son kisa kawai ba ya ɗagowa. Wannan tambaya ake yi masa."



"Wa ya yi?" na ce.

"Ya share sawunsa. Amma ya shiga ruwan nan har ƙugu. Tara min su da la'asar. Ka ce sharaɗin zaman, kowa ya ajiye makaminsa a kan darduma."

*

Suka zo. Dangin Rezan a dama, dangin Bahoz a hagu, Shamo a rakuɓe kusa da ƙofar tanti. An fito da Rezan an jingina shi da buhun ulu. Inna Gulizar ma ta zo, ba wanda ya kira ta, ta zauna a bayan maza.

Bindigogi da wuƙaƙe suka taru a kan darduma. Ferhat ne kaɗai na lura ya zauna a kan rigarsa ta sama wani iri, amma ban kula ba.

Bahoz ya ce, "Rana na faɗuwa, Muhtar. In mai kunne ɗaya na da magana, ya yi."

Jangir ya ɗaga zobena ya nuna musu, ya faɗi inda ya yi baƙi da inda bai yi ba. Ya faɗi abin da muka gani a lakar. Wata mata a baya ta fashe da kuka.

"Wanda ya yi aikin nan ya jiƙe a ruwan," in ji shi. "In da azurfa a jikinsa, ta yi baƙi. Kowa ya miƙo hannu."

Suka miƙo. Zoben Rezan ya dushe kamar na kowa, ba fari ba, ba baƙi ba. Shamo ba shi da ko ɗaya. Bahoz ya baje manyan tafukansa yana murmushi.

"Ni ba na sa zobe. Sai ka nemi wata dabarar."

"Na sani."

Jangir ya durƙusa gaban darduma. Wuƙaƙe da yawa a wurin na da azurfa a kube, duk sun dushe da gumi da hayaƙin tanti. Guda ɗaya ce ke walƙiya kamar yau aka ƙera ta. Ya ɗauke ta.

"Bahoz, tun rasuwar babanku nake ganin wuƙar nan a ƙugunka, ban taɓa ganin ta yi haske haka ba. Ƙanenka na kwance a kan ƙanƙara, kai kuma ka samu sukunin goge kube?"

"Wuƙar da zan yanka wanda ya kashe shi ce. Dole in gyara ta."

Jangir ya ciro ƙaya daga hularsa, ya bi cikin zanen furannin da ke jikin kuben, ya shafa a farin hannun rigarsa. Baƙin layi ya fito.

"Toka na goge sama. Ba ta shiga cikin zane."

"Tsohon datti ne!" Bahoz ya daka tsawa. "Za ku saurari wannan rabin fuskar? Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya!"

"Ba tsohon datti ba ne."

Muryar daga baya ta fito. Inna Gulizar ta miƙe, maza suka dare mata.

"Jiya da sassafe, tun matan ba su gangara tafki ba, ka shigo ka ce in ba ka toka da tsumma. Na ga kuben a hannunka baƙi ƙirin. Ni na karɓa na goge maka, don ka ce hannunka na ciwo." Ta tsaya a gabansa. "Da na ga zoben ɗan'uwanka na gane, amma na ce wa zuciyata ƙarya take yi. Naɗe hannun rigarka, Bahoz."

"Inna..."

"Tun jiya kake fama da maɓalli a wuyan hannu cikin wannan zafi. Naɗe."

Bai naɗe ba. Ya yi tsalle ya fizge wuƙar daga hannun Jangir, ya zare, ya kai masa sara a wuya. Jangir ya tare da hannu, wuƙar ta tsarge shi daga gwiwar hannu har tafi, jini ya yi tsartuwa ya fesa min a fuska. Bahoz ya ɗaga zai sake, sai ƙara ta tashi. Ferhat ne, da ƙaramar bindigar da ya ɓoye ƙarƙashin riga. Harsashin ya fasa wa Bahoz gwiwa, ya zube a kan bindigogin da ke darduma yana ruri.

Na ɗauka shi ke nan, yanzu kowa zai rarumi tasa. Amma 'ya'yan baffanninsa, waɗanda jiya suka taya shi ƙona amyoyi, su suka danne shi. Ɗayansu ya kama hannun rigar ya keta. Daga wuyan hannu har gwiwa fatar ta tashi, ƙuraje sun fashe, jan nama a waje. Ya saki hannun kamar ya taɓa maciji, ya tofa masa yawu a gemu.

Perihan ta yage mayafinta tana ɗaure wa Jangir hannu. Shi kuwa ya yi fari fat, amma bakinsa bai mutu ba.

"Muhtar, in ka sake kirana, ka fara lalube mutanenka."

Bahoz na kwance, jini na bin darduma, sai ya daina ruri. Ya ɗaga kai ya nemi uwarsa da ido.

"Matata ce," ya ce, yana haki. "Ya sace min mata ya ɓoye. Tambayarsa kawai na yi. Da ya faɗa da na sake shi. Sau nawa ina ɗago shi, Inna, ina roƙonsa, ya ƙi."

"Ba sace ta ya yi ba," in ji Inna Gulizar. "Ni na sa shi. Ranar da ka karya mata muƙamuƙi, ni na ɗora ta a kan alfadarin da hannuna, na ce ya kai ta inda ba za ka ƙara ganinta ba."



Bahoz ya ja jiki a kan gwiwar hannu, yana jan ƙafar da ta karye, har ya kama bakin zanenta.

"To ke kin sani. Ina take? Inna, ina take?"

Ta dube shi, sannan ta sunkuya ta ɓamɓare yatsunsa daga zanenta ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗana da kansa cikin tafasasshen ruwa bai faɗa maka ba," ta ce. "Ni ce zan faɗa?"

Ta juya ta koma tantinta wajen gawar. Har jandarma suka iso washegari suka ɗora shi a kan alfadarin Shamo suka gangara da shi, yana kiranta, ba ta leƙo ba.